Sista Giram da Zanen Awo

Ƙarfe shida da rabi na safe take shigowa, kuma a shekara talatin da ɗaya ba a taɓa ganin ta fara da gaisuwa ba. Famfo take fara nufa. Ta cire agogo ta jefa a aljihu, ta naɗe hannun riga, ta wanke har gwiwar hannu, tana yi tana leƙen kwalabe goma sha biyun da ke jere a ɗakin. Ƙirga take yi, ta ga ko akwai wadda aka kashe wa fitila aka lulluɓe da farin ƙyalle tun tafiyarta jiya. In duk a kunne suke, sai ta juyo ta ce ina kwananku. In ɗaya a kashe take, sai ta ƙara sabulu.

Ɗakin bakwaini take riƙe da shi, wato jariran da suka yi gaggawar zuwa duniya, wasu da wata bakwai, wasu ma bai cika ba. Kwalba kuwa ita ce akwatin gilashin nan mai ɗumi da ake kwantar da su a ciki, mai 'yan ƙofofi biyu da hannu kawai ke shiga. Wanda bai taɓa leƙa ɗakin ba zai ɗauka kukan jarirai zai tarar. Babu kuka, ba su da ƙarfinsa. Ƙarar na'urori za ka ji, da hucin iskar oksijin, da takun silifas, ga zafi kamar an rufe ka a kicin. A bayan gilashi akwai dogon benci inda iyaye mata ke zama, kowace da ɗan kofin da take tatsar nono a ciki. Ba a kiran su da suna a nan, lambar kwalba ce sunan uwa: Maman Uku, Maman Tara.

Ita ma an daɗe da manta sunanta na yanka. Sista Giram ake ce mata, don duk maganar da ka kawo mata a kan jariri, kafin ka rufe baki za ta ce giram nawa ne. Abokan aikinta sun rantse cewa ranar da 'yarta ta haihu aka bugo mata waya, ba ta tambayi mace ce ko namiji ba, giram ta tambaya. Ba ta taɓa musawa ba. Cewa kawai take yi waccan tambayar ba ta da gaggawa.

Watan jiya ta ajiye aiki. An yi mata ɗan taro na minti ashirin a ɗakin shan shayi, aka ba ta filas da takardar yabo, aka ce tana da haƙuri da riƙon amana, irin abin da ake faɗa wa kowa. Ba wanda ya ambaci abin da ya kamata a ambata, don ba shi da daɗin faɗa. To, a nan za a faɗe shi.

Dalilin da ya sa giram ya zame mata jaraba shi ne, a ɗakin bakwaini komai da nauyi ake lissafa shi. Nonon da za a ɗura ta robar hanci, ruwan da za a ƙara, allurar da za a yi, duk sai an duba katin awo na safiyar. Kuma yawancin magungunan nan don manya aka yi su, a kan manya aka gwada su. Ba wanda ya taɓa tsayawa ya ga abin da suke yi a jikin da bai kai kilo ɗaya ba. Sai a fasa kwalbar allurar da za ta ishi ƙato, a tsarma ta sau goma, a ja ɗigo a sirinji, a yi bismillah. Ta sha faɗa wa sababbin nas cewa da kintace ake ba yaran nan magani, don haka aƙalla kada a yi kintace a nauyinsu. Wannan maganar ce ta dawo ta same ta daga baya.

A shekararta ta uku da fara aiki, tana ƙaramar nas, aka ba ta wani yaro ta auna. A lokacin tsirara ake fito da su, a ɗora a kan farantin sikeli na ƙarfe. Allurar sikelin ta ƙi tsayawa, ta sauke shi ta gyara ta sake ɗorawa, biro ya ƙi rubutu, ta nemi wani. Duka-duka bai fi minti huɗu ba. Da ta mayar da shi ƙafarsa ta yi sanyi, kuma duk abin da aka yi ɗumin bai dawo ba. Kafin la'asar aka kashe fitilar kwalbarsa. Ba wanda ya ɗora mata laifi, an ce dama yaron ba shi da ƙwari. Ita ce ba ta yarda ba.

Saboda haka ranar da aka ba ta shugabancin ɗakin, doka ɗaya ta fara kafawa: ba a ƙara auna jariri tsirara. A ɗauko shi da zanensa da hularsa da famfas ɗinsa, a ɗora, a karanta, a cire hamsin. Giram hamsin shi ne nauyin kayan, a ganinta. Haka kowace nas ta koya, haka ta koyar, har "cire hamsin" ya zama kamar ɓangaren sikelin. Kuma dokar ta yi aiki, jariran da ke sanƙamewa bayan awo suka ragu ƙwarai, likitoci suka yaba. Zannuwan kuwa iyaye ne ke kawowa daga gida, na wannan shara-shara, na wancan mai kauri kamar bargo. Mutane masu ilimi, masu kula, suka shekara ashirin da biyu suna wucewa ta gaban wannan abu, ba wanda ya ɗora zane shi kaɗai a kan sikeli.

Shekara biyu da rabi da suka wuce takarda ta zo wa Babban Likita. Wasu masu bincike za su gwada wani magani na ciwon hanjin bakwaini, suna neman ɗakuna kaɗan daga asibitoci masu yawa da za a yi gwajin a cikinsu, kuma za su aiko a duba nasu. Duk wanda ya yi aiki a ɗakin ya san ciwon nan. Yarinyar da jiya take shan nononta lafiya, har uwa ta fara zancen komawa gida, yau sai ka ga ciki ya kumbura yana sheƙi, gobe ya yi duhu, jibi a lulluɓe kwalba. Sista Giram ta daina ƙirga waɗanda ta rasa ta wannan hanya tun da daɗewa. Da ta karanta takardar, Sista Ƙarama, mataimakiyarta, wadda ta haura arba'in kuma ta fi kowa jiki a ɗakin, ta ce ta ga ta sake karanta ta tun daga farko. Ba wanda ya kai ta son a zaɓe su.

Aka shiga shiri. Aka yi fenti, aka canza labule, aka sayo wa firjin magani ma'aunin sanyi, aka jera fayiloli na wata shida da baƙin suka ce za su duba. Ana gobe za a zo, Babban Likita ya kira ta ofishinsa. Ba mugun mutum ba ne, kada a ɗauke shi haka, shi ma ya sa hannu a takardar mutuwar jarirai fiye da yadda zai iya tunawa. Ya nuna mata layi ɗaya a jerin sharuɗɗan: a auna jariri tsirara, ko a san ainihin nauyin duk abin da ke jikinsa.

"Gobe kawai, Sista," ya ce. "A auna su tsirara, kada kowa ya ambaci hamsin. In aka zaɓe mu sai mu gyara a tsanake. Kin san yara nawa ke jiran maganin nan."

Ta ce ta sani, kuma ta ji. Ba ta ce ta yarda ba, shi kuma bai tambaya ba.

Wadda aka aiko, Mai Tantancewa, wata siririyar mata ce mai ƙaramin tabarau, ba ta da yawan magana. Ko kallon fentin ba ta yi ba, kuma an sha wahala a kansa. Firji ta buɗe, ta leƙa kwandon zubar da allura, ta tsayar da Baba mai goge-goge ta tambaye shi minti nawa ake yi kafin janareta ya tashi in an ɗauke wuta. Ta sa wata nas ta yi mata bayanin takardar amincewa kamar ita ce uwa da ba ta yi makaranta ba. Duk suka haye. Ƙarfe bakwai ya yi, lokacin awo, ta ce tana so ta gani da idonta, ta nuna kwalba ta takwas.

Yarinya ce, kwana tara a duniya, mafi ƙanƙanta a ɗakin. Uwarta tela ce, tana zaune a benci da kofinta, har da zaren da ya maƙale a gefen mayafinta. Sista Giram ta zura hannu cikin kwalbar ta kama tafin ƙafar yarinyar, wanda bai kai babban yatsanta ba. Da ɗan sanyi. Ta duba ma'aunin zafi, shi ma haka ya ce. Farantin sikeli na nan gefe yana ƙyalli, an goge shi saboda baƙuwa. Babban Likita na tsaye a bayanta, tana jin numfashinsa. Ta san abin da minti huɗu ke yi, ta taɓa riƙe shi a hannunta. Sai ta ƙara naɗe yarinyar a zanenta, ta gyara mata hula, ta ɗauko ta haka ta ɗora.

Sikeli ya nuna ɗari tara da arba'in. Sista Ƙarama, da hannunta ya saba, ta rubuta ɗari takwas da casa'in a kati ba tare da ta yi tunani ba. Mai Tantancewa ta dubi sikelin, ta dubi katin, ta tambaya ina hamsin suka tafi. Babban Likita ya yi gyaran murya zai yi magana, Sista Giram ta riga shi.

"Nauyin zane ne da hula da famfas."

"Kin auna su?"

"Ban taɓa ba."

"Yau ne kawai aka yi haka, don jikinta da sanyi?"

Ƙofa ce aka buɗe mata, kowa a ɗakin ya gane. Da ta ce e, da an wuce wurin.

"A'a," ta ce. "Shekara ashirin da biyu ke nan. Ni na kawo tsarin. Duk lambar da ke cikin fayilolin da aka jera miki, haka aka same ta."

Mai Tantancewa ba ta yi faɗa ba. Ta ce a buɗe kabad a ɗauko zannuwan da ke ajiye, ta riƙa ɗora su ɗaya bayan ɗaya. Wannan talatin. Wannan sittin da biyar. Wannan ɗari da goma. Daga nan aka ɗumama wani zanen, aka canza wa yarinyar a cikin kwalba, aka fito da nata aka haɗa da hula da famfas irin na jikinta. Ɗari da ashirin. Ashe kwana tara ana ba ta nono da magani a kan nauyin da ya fi nata da giram saba'in. Ga babba, saba'in ba komai ba ne, ko makullin da ke aljihunsa ya kai. Ga wannan yarinya kusan kashi ɗaya ne cikin goma na duk jikinta.

Sista Ƙarama ta ce ba ta taɓa ganin fuskar mutum ta tsufa a tsaye ba sai ranar. Matar da aka yi wa laƙabi da giram, wadda ta sa nas da yawa kuka a kan lamba ɗaya, ita ce ta shekara ashirin da biyu tana kintace. Amma ba ta zauna ba, ba ta fita ba. Biro ta karɓa ta soke lambar, ta rubuta ta gaskiya, ta sa hannu, ta ce Likita ya sake lissafin maganin yarinyar yanzu, sannan na sauran goma sha ɗaya.

Kafin ta tafi, Mai Tantancewa ta tsaya da ita a bakin famfo. Ta ce da ita ce, ita ma ba za ta tuɓe yarinyar ba. Amma ba za ta iya ba da sunan ɗakin ba. In aka ba da magani a kan nauyin da ba daidai ba, jariri ya mutu, ba za a san maganin ne ko yawansa ba. In ya rayu ma ba za a sani ba. Kuma lambar da ta fito daga nan littafi za ta shiga, likitocin da ba su taɓa jin labarin ɗakin ba su riƙa auna wa jariransu da ita. Ta ce za a sake zaɓe bayan shekara biyu. Sista Giram ta ce ta gode, kuma da gaske take.

Takardar ƙin amincewa ta zo bayan kwana goma. Ba wanda ya zage ta, da ma an zage ta da ya fi sauƙi. Babban Likita ya daina shan shayi a ɗakinsu. Nas-nas suka koma yin shiru in ta shigo. A bayan idonta ana cewa tsohuwa ta zaɓi ta wanke kanta ta bar yara su mutu, wai kalma ɗaya ce ta gagare ta. Har fentin ma sai da aka yi mata gorinsa.

Ran kwananta na sha tara a duniya, cikin yarinyar kwalba ta takwas ya kumbura. Aka tsayar da nono, aka sa roba, aka yi duk abin da aka iya. Ta cika ran kwana na ashirin da ɗaya, da azahar, hannun Sista Giram yana ƙarƙashin kanta. Kuma tun kafin a kashe fitila wani mai dogon baki ya riga ya kai wa uwar labari a benci, cewa akwai maganin da za a kawo, Sista ce ta hana.

Bayan kwana uku Maman Takwas ta zo kwashe kayanta. Baba mai goge-goge yana wurin da bokitinsa, shi ya ga abin da ya faru. Ta tare Sista Giram a baranda, filas a hannu ɗaya, zanen a ɗaya, ba ta gaishe ta ba.

"Sista, an ce ke kika hana a kawo maganin."

"Saboda ni ne ba a zaɓe mu ba, wannan gaskiya ne. Amma ko an zaɓe mu, ba zai iso ba sai bayan wata shida. Kuma ba wanda ya san ko yana aiki, shi ya sa ake gwajin."

Matar ta gyaɗa kai za ta wuce. A nan ya kamata maganar ta ƙare, kowa da ya san aikin zai ce ta ƙare. Sista Giram ta ce ta dakata, akwai abin da ba a gaya mata ba, kuma ya fi wancan nauyi. Ta gaya mata zancen hamsin, da kwana taran, da giram saba'in. Ta ce ba ta san ko shi ya jawo ciwon ba, likitoci sun ce da wuya, amma ba za ta iya rantsewa ba.

Maman Takwas ta dubi zanen da ke hannunta. Ita ta ɗinka shi da cikin wata shida, ta yi masa ruɓi biyu, ta sa shafi a ciki don kada 'yarta ta ji sanyi.

"Zanen da na kawo ne?"

"Zanenki ya yi aikinsa, ya riƙe mata ɗumi. Ni ce ban auna shi ba."

Ba ta yi kuka ba, in ji Baba. Ta ninke zanen ta sa a jaka ta sauka matakala. Sista Giram ta koma famfo.

Ke ce kika tsaya a barandar nan, Sista, alhali kina da hanyar wucewa. Ke ce aka buɗe wa ƙofa sau biyu, gaban baƙuwa da gaban uwa, kika ƙi bi. Mutane na son su yaba wa wanda bai taɓa kuskure ba, kuma irinsa ba ya aiki a ɗakin bakwaini. Naki kuskuren daga tausayi ya fito, ya ceci yara daga sanyi, ya kuma cuci wasu ta inda ba ki gani ba, kuma har gobe ba ki san su nawa ba ne. Kin ɗauki wannan rashin sani kin ci gaba da zuwa ƙarfe shida da rabi. Abin yana da ciwo, kuma ba za a yi miki ƙaryar cewa ya wuce ba.

Daga ranar ta koma auna duk abin da ke taɓa jikin jariri. Robar hanci, filasta, ɗan katakon da ake ɗaure hannu da shi, kowane ta rubuta nauyinsa ta manna a jikin sikeli. Ta samo ƙarfe mai kilo ɗaya cif, kowace safiya sai ta ɗora shi ta tabbatar sikelin bai yi ƙarya ba. Ta sa ana ɗumama farantin, ana zare famfas a cikin kwalba kafin a ɗauko jariri. Zane ne ya gagare ta. Ta rubuta nauyi a jiki da biron maka, wanki biyu ya goge. Ta manna takarda, ta jiƙe. Ga shi kullum iyaye na kawo sababbi, kowane da nauyinsa, awon safe ya koma cin awa biyu, nas-nas na tsaki.

Wata huɗu da rasuwar yarinyar, da hantsi, aka ce ana sallama da Sista. Maman Takwas ce, ta rame, da babbar jaka. Ta zazzage ta a kan tebur: zane arba'in, kowane da hularsa, duk daga bandir ɗaya. Ta ce ta wanke yadin sau uku kafin ta yanka, don ya gama tsukewa. Ta ari ƙaramin sikelin maƙerin zinare da ke kusa da shagonta. A kusurwar kowane zane ta ɗinka lamba sittin da jan zare, kuma ta ce nauyin zaren ma yana ciki.

"Ki auna," ta ce.

Sista Giram ta auna, duka arba'in, kowane haɗe da hularsa, matar na tsaye. Sittin, sittin, sittin. Na talatin da huɗu ya nuna sittin da ɗaya. Maman Takwas ta fizge shi kamar ya zage ta, ta zaro almakashi daga jaka ta rage bakinsa, ta mayar. Sittin. Da aka gama ta rataya jakarta, ta tsaya a ƙofa ba ta juyo ba.

"Ban ce na yafe ba, Sista. Ban kai wurin ba tukuna. Amma ki yi aiki da su."

Ta ce to. Tun daga ranar duk bayan wata uku matar ke kawo sababbi ta karɓi waɗanda suka sha wanki, kuma ba ta taɓa yarda a ba ta ko ruwan sha ba.

Kada wannan ya sa a ɗauka labarin ya yi daɗi. A shekara biyun nan ciwon hanji ya ɗauki jarirai ashirin da uku a ɗakin. Wannan karon ta ƙirga. Wataƙila da an zaɓe su tun farko da wasu sun rayu. Wataƙila maganin ba ya komai. Wataƙila da an ba su a kan nauyin ƙarya da ya kashe wasu da hannun asibiti. Ba wanda zai iya raba mata waɗannan, kuma ba ta nemi a raba mata ba. Baba ya ce duk kwalbar da aka kashe, ita ke wanke ta da kanta, ba ta bari a taya ta.

Da shekara biyu ta cika, matar nan mai ƙaramin tabarau ta dawo. Ba ta tsaya gaisawa da shugabanni ba, kabad ta nufa. Ta zaro zane daga ƙasa, daga tsakiya, daga sama, ta auna. Ta duba fayiloli na wata goma sha takwas. Ta ga wuraren da aka bari babu lamba, an rubuta a gefe cewa jikin jariri da sanyi, ba a auna ba. Ta ce a ɗakuna da yawa da ta zaga ba ta ga gurbi ko ɗaya ba, kuma shi ya sa ba ta yarda da su ba. Aka zaɓe su.

Sai dai takardu sun ci wata biyar, kuma ranar da aka sa za a fara gwajin ta faɗo mako uku bayan ranar ajiye aikinta. Babban Likita, wanda ya dawo shan shayi ba tare da ya ce komai ba, ya rubuta a ƙara mata wata shida. Aka ce doka ba ta ba da dama ba. Sunanta ba ya cikin jerin ma'aikatan gwajin, ba kuma zai fito a duk abin da za a buga ba. Ta yi makonninta na ƙarshe tana sa Sista Ƙarama maimaita awo har sai da ta ce ko a mafarki zane take aunawa.

Ranar Litinin da ta wuce aka ba da magani na farko. Ta zo da kayan gida, ba ta da izinin shiga, ta zauna a bencin iyaye a bayan gilashi, wurin da ba ta taɓa zama ba a shekara talatin da ɗaya. Ta tarar da Maman Takwas a can, ta kawo sababbin zannuwa. Suka gaisa sama-sama. A ciki Sista Ƙarama ta ɗauko yaron kwalba ta uku a naɗe, jan zaren na leƙowa a gefen ƙafarsa, ta ɗora a sikeli, ta juyo da katin ta manna a gilashi don Sista Giram ta gani. Ɗari tara da goma, a cire sittin, ɗari takwas da hamsin.

"Daidai ne?" in ji Maman Takwas.

"Daidai ne."

Suka zuba ido suna kallon ana jan maganin a sirinji. Can matar ta yi magana, ba ta ɗauke ido daga gilashin ba.

"Tawa fa? Ba wanda aka fara rubutawa ba. Na gaskiyar."

"Ɗari takwas da ashirin," in ji Sista Giram, ko numfashi ba ta ja ba.

Maman Takwas ta maimaita lambar a hankali, sau biyu. Sannan ta ɗauke jakarta daga tsakaninsu ta ajiye a ƙasa, ta matso.

Mun gode, Sista Giram. Allah ya saka miki, ya ba ki lafiyar hutawa, in kin iya hutun. Har yau ba a san ko maganin zai yi aiki ba, sai nan da shekaru. Amma duk amsar da ta fito, za a iya yarda da abin da ɗakinki ya ba da, kuma jaririn da ba za ki taɓa gani ba zai sami ɗigon da ya dace da jikinsa. Ku kuma da ke bakin aiki, a asibiti ne ko a wani wurin, kowa na da hamsin ɗin da ya gada yake cirewa bai taɓa dubawa ba. Ku ɗora shi a sikeli tun kafin baƙo ya tambaya. In kuma ya riga ku tambaya, ku tuna akwai matar da aka buɗe wa ƙofar tsira, ta ce a'a, shekara ashirin da biyu ke nan, ni na kawo tsarin.